Ingila: Kula da masu raunin fahimta, daga asibiti zuwa cikin al'umma

Raunin fahimta naƙasa ce da ke wahalar da koyo da harkokin yau da kullum, ba taɓin hankali ba ne. Duk da haka, an daɗe ana ajiye masu wannan lalura a asibitocin ƙwaƙwalwa a Ingila.

A 2011, BBC ta fallasa cin zarafin majinyata a asibitin Winterbourne View, kusa da Bristol. Aka rufe asibitin, aka ɗaure ma'aikata 6. Gwamnati ta yi alkawarin mayar da waɗanda ba sa buƙatar kwanciya cikin al'umma zuwa Yunin 2014, amma ƙarancin gidaje da masu kulawa ya kawo cikas. A 2021, sama da mutum 2,000, har da masu galahanga, na kwance a irin waɗannan asibitoci.