Rumfar Idon Babbar Kyamara: Yadda Ake Zaɓenta A Ƙarƙashin Ranar Kaduna

Babbar kyamara, a wurin masu sana'ar hoto, ita ce wadda ake sa wa fim falle-falle mai inci 4 a 5, ko 5 a 7, ko 8 a 10. Tana tsayawa a kan ƙafa uku, tsakanin idonta da bayanta akwai zugazugi mai kama da na maƙera, mai hoton kuma yakan lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin ya ga abin da zai ɗauka. Dattawa za su tuna 'yar uwarta, akwatin katakon masu hoton fasfo a bakin kasuwa. Da irinta mai fim santimita 13 a 18 Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi suna a duniya.

A yau masu aiki da ita kaɗan ne, fim ɗinta kuma daga waje ake odarsa da kuɗin waje. Kwalin Ilford mai falle 25 hoto 25 ne, babu daɗi. Duk fallen da ɓataccen haske ya lalata asara ce, kuma maganin wannan asarar shi ne rumfar da ake yi wa idon kyamarar, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa.

Yawancin mutane sun ɗauka aikin rumfar shi ne tare rana kawai. A babbar kyamara lamarin ya wuce haka. Idonta yana jefa da'irar haske da ta fi fim ɗin girma nesa ba kusa ba, domin mai hoto ya iya ɗaga idon sama ko ya gusa da shi gefe idan zai ɗauki dogon gini ba tare da bangon ya karkace ba. Idon Rodenstock Apo-Sironar-S na milimita 150, alal misali, faɗin da'irarsa milimita 231 ne idan aka tsuke ƙofar haske zuwa f/22, alhali fim mai inci 4 a 5 daga kusurwa zuwa kusurwa bai wuce milimita 153 ba. Da lissafi, ɗan abin da ya haura rubu'in hasken ne ke sauka a kan fim. Sauran yana bugun cikin zugazugi, wani ya dawo ya bazu a kan hoton. Sakamakonsa ba ya zuwa da tabo mai ɗaukar ido. Sai dai baƙi ya koma toka-toka, adon babbar riga ya dushe, hoton ya fito kamar tufar da ta sha wanki.

Shekarun idon ma abin dubawa ne. Kowace fuskar gilashi marar shafi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta, idon Tessar kuwa, wanda Paul Rudolph ya ƙera wa kamfanin Zeiss a 1902, fuskoki shida gare shi masu haɗuwa da iska. Sai a 1935 Alexander Smakula na wannan kamfani ya fito da shafin da ke rage wannan, shafi mai hawa-hawa kuma ya yaɗu a shekarun 1970. Wanda ya gāji tsohuwar kyamarar mahaifinsa ya fi kowa bukatar rumfa.

Sai kuma sararin samaniyar da za a yi aiki a ƙarƙashinsa. Kakau, a ƙaramar hukumar Chikun kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, tana kimanin digiri 10 arewa da layin tsakiyar duniya. A tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana wucewa ta tsakar ka, ƙaramar rumfa ma ta isa da tsakar rana. A Disamba kuwa ta karkata kudu, ba ta wuce kimanin digiri 56 a sama, don haka mai fuskantar kudu yana tare da ita a gabansa wuni zubur. A lokacin ne kuma hazon hunturu ke mayar da sama fari fat, haske ya riƙa zuwa daga ko'ina, ga rufin kwano da farin bango da daɓen siminti suna maido shi daga gefe da ƙasa.

Wannan ne ya sa dabarar tsofaffi, ta riƙe malafa ko baƙin murfin gidan fim a saman ido har inuwarsa ta rufe gilashin, take aiki a ranar da sama ta washe, ta gaza a ranar hazo. Rana guda ake tarewa da malafa. Duk da haka kyauta ce, kada a raina ta.

Rumfar roba ko ƙarfe da ake murɗawa a bakin ido tana da araha, muddin an dace da lambar bakin, kamar milimita 49 ko 67, wadda akan rubuta a jikin murfin idon. Aibinta biyu ne. Zagaye ce alhali fim mai kusurwa huɗu ne, sannan tsawonta ba ya canzawa, da an ɗaga idon sama sai ta ci kusurwoyin hoton da duhu, musamman a ido mai faɗin gani irin na milimita 90.

Wadda ta fi dacewa ita ce rumfa mai zugazuginta, irin ta Sinar da Linhof da Toyo da Arca-Swiss, wadda ake miƙawa ko a naɗe ta gwargwadon bukata har ta datse hasken da fim ba ya so. Mai saye ya nemi wadda ake iya ɗagawa sama, domin maɗanar ɗaukar hoto da ma'aunin ƙofar haske duk a jikin ido suke, rumfar da ba ta ɗaguwa sai ta hana hannu kaiwa gare su. Ya kuma sani tana kama iska, iskar hunturu kuma ba ta rasa girgiza kyamara. Wanda kuɗinsa bai kai ba, baƙin kwali ko gwangwanin da maƙeri ya lanƙwasa ya wadatar, da sharaɗin a shimfiɗa wa cikinsa baƙin karammiski. Fentin mai mai sheƙi ƙara ɓarna yake yi.

Kowace iri aka zaɓa, gwajin ɗaya ne. Akan yanke kusurwoyi huɗu na gilashin bayan kyamara. Bayan an gama saiti, an tsuke ƙofar haske zuwa inda za a ɗauki hoton, sai a sa ido a kowace kusurwa a leƙo ƙofar. Idan ta bayyana cikakkiya, a ƙara miƙa rumfar har bakinta ya fara gutsurarta, sannan a ja da baya kaɗan. Idan gilashin ba shi da yankakkun kusurwoyi, a tsaya a gaban kyamara a leƙa ta bakin rumfar, a tabbata ana hango kusurwoyin huɗu ta cikin ido. Kafin a zare murfin gidan fim kuma a hure ƙurar da ta kwanta a kan gilashin gaba, domin ita ma tana watsa haske.