Tarihin Kafireta da Yadda Silon Mota Ya Koma Hannun Kwamfuta

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, direban a-kori-kura da ke jigilar hatsi tsakanin Dawanau da Maraɗi, ya aiko yana cewa: Don Allah ku ba ni tarihin kafireta. Kuma me ya sa a da bakanike kan murɗa sukuru ya gyara silo nan take, amma motocin yanzu sai a ce sai an jona kwamfuta?

AMSA: To malam direba, silo dai shi ne aikin da inji ke yi mota na tsaye, ba a taka totur ba. A yawancin ƙananan motoci masu shan fetur, inji kan juya sau 600 zuwa 1,000 a minti guda. In ya gaza haka, mota ta dinga kakkarwa tana mutuwa. In kuwa ya zarce, kuɗin manka ne ke ƙonewa a banza.

Ita kafireta aikinta gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. A 1893 ne wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, ya ƙera irin wadda ke fesa mai ta ɗan siririn rami, kuma ita ta zama uwar waɗanda suka biyo baya. Da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motoci irin 504 da kafireta suka fito, a kansu kuma dubban bakanikenmu suka koyi sana'a.

Irin wannan kafireta sukuru biyu gare ta na silo. Ɗaya na ƙara gudun inji ko ya rage, ɗayan kuma na daidaita yawan man da ke haɗuwa da iska. Ƙa'ida ita ce a bar inji ya yi zafi tukuna, a duba fulogi da matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, sannan a murɗa kaɗan-kaɗan ana saurare. Baƙin hayaƙi a salansa alama ce mai ya yi yawa.

To me ya kawar da ita? Hayaƙi ne. A 1967 kamfanin Bosch ya fito da injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen 1600. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska, daga 1992 ƙasashen Tarayyar Turai su ma suka kafa tasu ƙa'idar. Kafireta ba ta iya auna mai daidai yadda dokokin ke so, don haka masu ƙera motoci suka yi watsi da ita. Motocin gwanjo da ake shigo mana da su ta Kwatano kusan duk masu injekta ne.

A cikinsu ƙaramar kwamfuta ce, wadda bakanike ke kira ƙwaƙwalwar mota, ke riƙe da silo. Ita ke buɗe ƙofar iska ko ta rage, gwargwadon zafin inji da nauyin da ke kansa. Saboda haka in silo ya rikice, akasari datti ne ya taru a maƙogwaron iska, ko wata roba ta tsage tana zuƙar iska, ko fulogi ya gaji, ko ɗaya daga na'urorin awo ta lalace. Wanda ya kama murɗe-murɗe a nan, ɓarna zai ƙara maka. Daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka duk suna da kafar jona na'urar bincike iri ɗaya, ita ke nuna inda cutar take.

Sai dai kafireta ba ta ƙare ba. Tana nan a yawancin baburanmu, da janareta, da injin ban-ruwa na fadama, kuma tsohuwar ƙa'idar nan ita ce maganinsu. Da fatan mai tambaya ya gamsu.