Agogon neman agaji ga dattawa: abin da za ka duba kafin ka aika wa na gida a Yola ko Jimeta

Agogon neman agaji agogon hannu ne da ke kiran waya idan mai shi ya shiga matsala. Wani sai an danna masa maɓalli, wani kuma da kansa yake gane cewa mutum ya faɗi. 'Yan'uwanmu da ke nema a Legas, Ibadan, Onica da Fatakwal sun fara saye suna aika wa iyaye a gida, kuma da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Tsohuwar da ta zame a banɗaki da asuba, ƙugunta ya karye, tana iya kwana rabin yini a ƙasa idan yara sun tafi makaranta.

Sai dai ba duk abin da ake kira da wannan suna ne ke aiki a Adamawa ba. Iri huɗu ne a kasuwa.

Na farko shi ne wanda za ka fi cin karo da tallarsa a intanet, na kamfanonin Amurka irin su Medical Guardian da Bay Alarm Medical. Ana biyan kuɗin wata-wata, idan an danna sai kiran ya tafi ofishinsu a can, su turo motar asibiti. Layin wayar da ke cikinsa na Amurka ne, ofishin ma na Amurka ne. A Jimeta ba shi da wani amfani, ko da ɗan'uwa ne ya aiko da shi kyauta.

Na biyu manyan agogunan zamani. Apple ya sa fasahar gane faɗuwa tun Apple Watch Series 4 a 2018. Idan mutum ya faɗi da ƙarfi, agogon zai yi ƙara ya tambaye shi, in ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba sai ya kira lambar gaggawa, ya kuma tura saƙo ga mutanen da aka zaɓa. Samsung ma yana da irin wannan a Galaxy Watch. Aikinsu yana da kyau, amma Apple Watch sai da iPhone ake saita shi, sababbin na Samsung kuma sai da Android, sannan batirin Apple na yau da kullum bai cika wuce kwana ɗaya ba. Ka ga ke nan caji kullum. Ga dattijon da wayarsa mai maɓalli ce, wannan ya zama sayen abu biyu masu tsada, da neman wanda zai riƙa kula da su.

Na uku shi ne wanda ya fi yaudarar mutane a Computer Village da Alaba: agoguna masu araha da ake cewa suna kira. Gaskiya ne suna kira, amma ta Bluetooth, wato sai wayar tana kusa, kamar tazarar mita goma. Baba ya bar waya a ɗaki ya tafi masallaci, shi ke nan, agogon ya koma na duba lokaci kawai. Tambaya ɗaya za ka yi wa mai shago: ina ake sa layi? In babu wurin sa layi, ba shi kake nema ba.

Na huɗu shi ne mai layinsa a ciki, da babban maɓalli guda da aka rubuta SOS. Yawanci daga Sin suke zuwa. Ana sa lambobi, galibi uku, idan an riƙe maɓallin 'yan daƙiƙu sai ya kira ta farko, ba a ɗauka ba ya wuce ta biyu. Kai kuma daga Mile 12 ko Sabon Ibadan kana iya ganin inda yake a taswira. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin gidajenmu, duk da ingancinsu ya bambanta sosai.

Wa zai ɗauki kiran?

Nan ne maganar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan agoguna, bayan kira motar asibiti ce ke zuwa. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, yana da kyau a san ta, amma kowa ya san yadda aka saba kai mara lafiya asibiti a Jimeta: maƙwabci mai mota ko mai Keke Napep. Saboda haka kada ka sa lambarka a farko. Kana Legas, tsakaninka da gida fiye da kilomita dubu, iyakarka ka tashi hankalinka. Lamba ta farko ta zama ta wanda ke kwana a gidan ko ƙofa da ƙofa, ta biyu ta mai abin hawa da ke unguwar wanda aka yi magana da shi tun kafin ranar, ta uku taka. Kuma a zaɓi waɗanda ba sa kashe waya da dare.

A yanke shawara tun yanzu ina za a nufa. Wanda ke Jambutu, Doubeli, Luggere ko Karewa, Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ya fi masa kusa. Wanda ke cikin garin Yola, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda har yau mutane ke kira FMC. A ajiye katin asibiti da sunayen magungunan da dattijon ke sha a wuri ɗaya da kowa ya sani. Idan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, wato baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, ba a jira a ga ko zai warware. A tafi nan take.

Alwala, zafi da wuta

Abin da takardar kamfani ba za ta gaya maka ba shi ne iyayenmu suna wanke hannu har gwiwar hannu sau da yawa a yini. Dattijo zai cire agogo ya yi alwala, ya ajiye a kan tabarma, ya manta. Kuma wurin wanka da kewaye, inda ƙasa ke da santsi, nan ana yawan faɗuwa, nan ne kuma aka fi shiga ba agogo. Nemi wanda aka rubuta IP67 ko IP68 a kwalinsa, alamar yana jure ruwa, da madauri mai sauƙin matsawa yadda zai tura shi sama ya wanke wurin ba sai ya cire ba. Ga hajiyoyin da ba su saba da agogo ba, akwai irin wannan na'ura da ake ratayawa a wuya, tana shiga ƙarƙashin hijabi, sau da yawa ma sun fi karɓarta.

Zafin Yola a Maris da Afrilu yana wuce maki 40. Madaurin roba yana sa gumi da ƙaiƙayi, na yadi ya fi. Kada a bar agogon a rana ko cikin mota, zafi yana kashe batir. Maganar wuta kuwa ba sai an faɗa ba: zaɓi wanda ke kwana biyu ko uku, haɗa da ƙaramin fawa-banki, a ɗora wa jika ɗaya alhakin caji a lokaci tsayayye, misali bayan azahar lokacin da gida ke cike da mutane. Caji da dare yana nufin agogon ba ya hannu a lokacin da ake tashi a duhu.

Layin da za a sa sai an haɗa shi da NIN, kuma ya zama na kamfanin da sabis ɗinsa ke kamawa a cikin ɗakin dattijon, ba a bakin titi ba. A riƙa sa masa kati da ɗan data, don layin da aka bari watanni ba amfani kamfani na iya rufe shi. Yawancin masu arahar 2G kawai suke kamawa, in da hali a sayi mai 4G.

Abin da ba za ka yarda da shi ba

Gane faɗuwa ba ya kama komai. Na'urar tana jin bugu mai ƙarfi ne, wanda jiri ya kwashe ya sulale a hankali jikin bango ba lallai ta gane ba. Haka kuma tana iya ƙarya, daka a turmi ko buga hannu a ƙofa na iya tada ta. Don haka maɓallin shi ne asali, a koya wa mai shi dannawa, a gwada tare da shi sau biyu ko uku, da Hausa ko Fulatanci, har ya saba da jin murya na fitowa daga hannunsa.

Lambobin hawan jini da masu arahar ke nunawa ba abin dogaro ba ne. Na sukari ya fi haɗari: a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da agogo ko zoben da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari ya ci gaba da na'urarsa ta tsinke, kada ya rage ko ya ƙara magani saboda abin da agogo ya nuna.

Taswirar kuma tana aiki sosai a fili, amma a ƙarƙashin rufin kwano tana iya nuna mutum a wani layin daban. Duk da haka tana da amfani ga wanda gigin tsufa ya fara taɓawa, don ana iya zana masa iyaka, ya wuce ta saƙo ya shigo wayarka.

Wasu daga cikinsu suna ba ka damar sauraron abin da ake faɗa a ɗaki ba tare da mai agogon ya sani ba. Wannan kam a bar shi a kashe. Mahaifinka ne, kuma a gidan akwai matansa da baƙinsa. Ranar da ya gane ana saurarensa zai cire agogon ya jefa a akwati.

Kafin ka ba direban motar Yola saƙon, sa layinka a ciki a nan shagon, danna maɓallin, ka ji ko muryar tana fita da ƙarfin da mai raunin ji zai ji.