Ossie Davis (1917-2005): Ɗan Wasan Kwaikwayo da Neman Mallakar Murya

Duk mai bin tarihin fim a Nijeriya zai ci karo da sunan wani Ba'amurke baƙar fata har sau biyu, watau a 1970 da kuma 1976. Sunan nan shi ne Ossie Davis. A ƙasarsu an fi saninsa da fitowa a finafinai da wasannin talabijin, sana'ar da ya shafe fiye da shekara hamsin yana yi, amma shi a ransa marubuci ya so ya zama. Abin da ya sa rayuwarsa ta cancanci nazari a wurin masu sha'awar harshe da al'adu shi ne tambayar da ya yi ta fama da ita: idan baƙin mutum ya hau dandamali, wa ya rubuta maganar da ke bakinsa, wa ya biya kuɗin wasan, wa kuma yake da ikon kai shi gaban jama'a?

An haife shi ranar 18 ga Disamba, 1917, a wani ƙauye da ake kira Cogdell cikin jihar Jojiya, a kudancin Amurka, inda doka ta raba baƙi da farare a makaranta da jirgin ƙasa da wurin cin abinci. Mahaifinsa ma'aikacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ne. Sunan da aka raɗa masa shi ne Raiford Chatman Davis. Da mahaifiyarsa ta je rajistar haihuwa sai ta faɗi haruffan farko na sunayen biyu, R da C, kamar yadda ake furta su da Ingilishi. Akawun ya ji "Ossie", ya rubuta haka, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Ke nan tun ran farko alƙalamin wani ne ya yanke abin da duniya za ta kira shi.

A 1935 ya shiga Jami'ar Howard da ke Washington, wadda ita ce babbar jami'ar baƙar fata a lokacin. A can ya haɗu da Shehun malami Alain Locke, masanin falsafa. Da Davis ya gaya masa burinsa na rubuta wasan kwaikwayo, sai Locke ya ba shi shawarar ya tafi New York ya shiga ƙungiyar 'yan wasa, domin ba a rubuta wa dandamali wasa sai an san dandamalin. Ya bar jami'a bai gama ba, ya shiga ƙungiyar Rose McClendon Players a unguwar Harlem a 1939. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan koyo. Aka ɗauke shi soja a 1942, aka tura shi Laberiya inda ya yi aiki a asibitin soja. Wannan ne zuwansa na farko Afirka.

Bayan an sallame shi ya sami babban matsayi a wasan Jeb na Robert Ardrey, wanda aka buɗe a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, a 1946. Labarin wani baƙin soja ne da ya rasa ƙafa a yaƙi, ya komo gida kudu ya tarar ba a shirya ba shi aiki ko mutunci ba. Wasan bai yi kasuwa ba, sau tara kawai aka nuna shi. Ribar da Davis ya ci a ciki ita ce haɗuwa da 'yar wasa Ruby Dee, wadda ya aura a Disamba 1948, suka zauna tare shekara 56. Da wuya a yi maganar aikin ɗayansu ba a ambaci ɗayan ba. Tare suka fito a fim ɗinsa na farko, No Way Out (1950), wanda kuma shi ne ya fito da Sidney Poitier.

Shekarun 1950 ba su yi musu daɗi ba, dalili biyu. Na farko, zamanin farautar 'yan kwaminisanci ne a Amurka, su kuwa ba su yarda su guji Paul Robeson ba bayan gwamnati ta ƙwace fasfonsa a 1950, kuma sun shiga cikin masu roƙon kada a kashe Julius da Ethel Rosenberg, waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1953 bisa laifin leƙen asiri. Duk wanda aka shafa wa wannan baƙin fenti, kamfanoni sukan ji tsoron ɗaukarsa. Na biyu shi ne yadda talabijin ɗin Amurka yake tafiya. Ba gwamnati ke riƙe da shi ba. Kuɗin talla ke ɗauke da kowane shiri, masu ba da tallar kuwa ba su son ɓata wa fararen masu saye na kudu rai. Saboda haka ne shirin mawaƙi Nat King Cole, wanda tashar NBC ta fara a 1956, ya mutu a 1957 don rashin kamfanin da zai ɗauki nauyinsa a ƙasa baki ɗaya. Abin da ya rage wa baƙin ɗan wasa galibi shi ne fitowa a matsayin bara, ko kuku, ko wawan da ake yi wa dariya. A wannan tsakani Davis da matarsa sun riƙa samun na tuwo ta hanyar karanta adabi a majami'u da makarantu da zaurukan ƙungiyoyin ƙwadago.

Maganin da ya gano shi ne ya rubuta nasa. A Satumba 1961 aka buɗe wasansa Purlie Victorious a Broadway, shi da Ruby Dee a kan gaba, aka nuna shi sau 261. Wasan barkwanci ne. Wani mai wa'azi ya komo gandun audugar da aka haife shi a Jojiya, yana neman ya karɓo gadon dala 500 daga hannun tsohon Baturen da ya mallaki gandun ya kuma ɗaure manomansa da bashi, domin ya sayi majami'a wa jama'arsa. Dabarar Davis a nan ita ce ya ɗauko siffofin nan na raini da aka saba liƙa wa baƙar fata, bara mai washe baki da baiwa mai ladabi, ya kumbura su har suka fashe, dariyar ta koma kan wariyar launin fata da masu ita. Wannan shi ne aikinsa mafi ƙarko. An mai da shi fim a 1963, an mai da shi wasan waƙa a 1970, an kuma sake dawo da shi Broadway a 2023.

A daidai wannan lokaci ya zama ɗaya daga cikin muryoyin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata. Shi da matarsa suna cikin masu gabatar da baƙi a babban gangamin Washington na 28 ga Agusta, 1963. Da aka harbe Malcolm X ranar 21 ga Fabrairu, 1965, manyan mutane da yawa sun ja jiki, don jaridu sun daɗe suna nuna shi a matsayin mai hura wutar ƙiyayya. Davis, wanda ba Musulmi ba ne, shi ya tashi ya yi jawabin yabon mamacin a wurin jana'iza a Harlem ranar 27 ga watan, ya siffanta shi da basarake kuma abin alfaharin mazajen baƙar fata. Ga mutumin da abincinsa ke hannun kamfanonin farare, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Akwai wata gajeriyar maƙala tasa da ta fi shafar masu nazarin harshe, wadda aka buga a 1967 da taken The English Language Is My Enemy, watau harshen Ingilishi abokin gabarsa ne. Ya buɗe ƙamus ɗin Roget na kalmomi masu kusancin ma'ana ya yi ƙidaya. A lissafinsa, kalmar fari tana da 'yan'uwa 134, 44 daga ciki masu daɗin ji, kamar tsarki da gaskiya da tsabta. Kalmar baƙi tana da 120, 60 daga ciki munana, kamar ƙazanta da mugunta da barazana, babu kuwa ko ɗaya ta yabo. Ya yanke cewa yaron baƙar fata da ke koyon Ingilishi yana koyon hanyoyi sittin na raina kansa.

Mai jin Hausa ba zai karanta wannan bai tsaya ba, domin Bahaushe ma yana da farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya, ga baƙar magana, ga baƙar wahala. Bahaushe kuwa baƙar fata ne, kuma ba Turawa suka koya masa waɗannan ba. Wannan yana nuna cewa danganta fari da alheri, baƙi da sharri, ya fi kama da abin da ɗan Adam ya ɗauko daga dare da rana, ba lalle ne daga launin fatar wani ba. Haka kuma ba ko'ina baƙi yake muni a Hausa ba: almajiri da babbaƙu yake fara karatu kafin farfaru, baƙaƙe ne kuma ƙashin bayan rubutu. To, ashe Davis ya yi kuskure ke nan? Ya yi gaggawa wajen ɗora wa ƙamus laifin duka, amma bai kuskure wurin ciwon ba. Bahaushen da ya ce baƙin ciki ba ya jin an taɓa fatarsa, domin babu dokar da ta hana shi zama a kujerar gaba saboda launinsa. A Jojiya ta 1917 akwai ta. Inda aka mai da launi ya zama matsayi a doka, nan ne tsohuwar kalma take samun sabon dafi.

A 1970 ya koma bayan kyamara. Fim ɗin farko da ya ba da umarni shi ne Cotton Comes to Harlem, daga littafin Chester Himes, labarin 'yan sandan ciki biyu baƙaƙe da ke bin sawun wani mai wa'azin ƙarya wanda ya tara dala 87,000 daga talakawa da sunan zai mai da su Afirka, kuɗin kuma suka ɓace cikin dilar auduga. Fim ɗin ya kawo kuɗi ƙwarai, ya nuna wa kamfanonin Hollywood cewa baƙaƙen 'yan kallo kasuwa ne. Abin da ya biyo baya, watau tarin finafinan 'yan daba da dillalan ƙwaya, ba shi Davis ya nufa ba.

Cikin shekarar nan, da ƙarewar yaƙin basasa, ya zo Nijeriya ya ba da umarnin Kongi's Harvest, wasan Wole Soyinka a kan wani shugaba mai mulkin kama-karya da ke neman basaraken gargajiya ya miƙa masa sabuwar doya a bainar jama'a. Kamfanin Calpenny na Francis Oladele ne ya shirya shi, Soyinka kansa, wanda bai daɗe da fitowa daga tsare ba, shi ya fito a matsayin Kongi. Ana lissafa shi cikin finafinan labari na farko da kamfanin 'yan Nijeriya ya yi. Sai dai da aka gama tacewa Soyinka ya ce babu hannunsa, domin abin da ya fito ya kauce wa abin da ya rubuta. Abin lura ne cewa mutumin da ya yi shekaru yana kukan ana sa wa baƙin ɗan wasa maganar da ba tasa ba, shi ne aka wayi gari marubuci ɗan Afirka yana yi wa fim ɗinsa irin wannan ƙorafi. Haɗin launi bai isa ya ba Ba'amurke kunnen jin wasan da aka gina bisa sarautar Yarbawa ba.

Zuwansa na biyu ya fi ban tausayi. Wata ƙungiyar mata baƙar fata masu ilmin jami'a, Delta Sigma Theta, ta gaji da irin hoton da ake nunawa na baƙar fata, ta tara kuɗi daga membobinta don a yi fim na mutunci. Sakamakon shi ne Countdown at Kusini (1976), wanda aka ɗauka a Nijeriya tare da Ladi Ladebo, Davis ya ba da umarni ya kuma fito a matsayin jagoran neman 'yanci na wata ƙasar Afirka da kamfanonin waje ke son hallakawa. An mallaki labari, an mallaki kuɗi, amma gidajen sinima da hanyar rarraba fim suna hannun wasu. Fim ɗin ya faɗi, kuɗin matan suka tafi. Daga nan bai sake ba da umarnin wani fim na sinima ba.

Talabijin ne ya riƙe shi. Ya fito a matsayin mahaifin Martin Luther King a shirin King (1978), ya fito a ci gaban Roots (1979), shi da matarsa kuma suka gabatar da With Ossie and Ruby a tashar PBS a farkon shekarun 1980, inda suke karanta adabin marubuta da hira da su. Daga 1990 zuwa 1994 yana cikin wasan barkwanci na Evening Shade tare da Burt Reynolds.

Wanda ya gabatar da shi ga sabon zamani shi ne Spike Lee, matashin da ya sami abin da Davis ya nema bai samu sosai ba, watau rubuta fim da ba da umarninsa da riƙe ikon tace shi. A Do the Right Thing (1989) Davis ya fito a matsayin wani tsoho mashayi da 'yan unguwa ke yi wa laƙabi da magajin gari don ba'a. Irin matsayin nan ne da a shekarun 1940 zai zama abin dariya kawai. Shi kuwa ya ba tsohon kunya da tarihi da sauran mutunci, har ya zama shi ne mai ƙoƙarin kashe wuta ranar da unguwa ta kama. A ƙarshen fim ɗin Malcolm X (1992) muryarsa ce ake ji tana maimaita jawabin jana'izar 1965. Shi da Ruby Dee sun karɓi lambar girma ta ƙasa kan fasaha a 1995, da ta Cibiyar Kennedy a 2004, sun kuma wallafa tarihin rayuwarsu tare a 1998.

Ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 2005, a masaukinsa a Miami Beach cikin jihar Fulorida, inda ya je ɗaukar wani sabon fim, yana da shekara 87. Ruby Dee ta bi shi ranar 11 ga Yuni, 2014.