Kangon Dunotar: Labarin Amana

Yau za mu tafi nesa, ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Can bakin teku akwai wani kango, sunansa Dunotar.

Gidan yaƙi ne na dā. An gina shi bisa wani babban dutse mai tsawon mita 50. Ruwa ya kusan kewaye dutsen. Hanya ɗaya ce ke zuwa ƙofa, siririya, mai wuyar hawa. Kusa da ƙofar an bar kafofi a bango don harbi. Wajen shekara ta 1392 wani basarake na gidan Kit ya gina dogon soro na dutse: ɗakin ajiya a ƙasa, hawa uku a bisa. Daga baya aka ƙara ɗakuna da babban wurin tara ruwa, domin wanda aka tsare a gida ƙishirwa ce ke fara cinsa.

A 1651 sojojin Kuromwel na Ingila suka mamaye Sikotlan. Sai aka ɓoye kayan sarautar ƙasa a Dunotar: hula da sanda da takobi. Abokan gaba suka yi wa gidan zobe har wata 8. Da suka kawo manyan igwa, shugaban masu tsaro, Joj Ogilbi, ya sallama a watan Mayu na 1652.

Suka shiga, suka bincika ko'ina. Ba kaya! Ashe matar wani fasto, Kiristan Filaca, ta riga ta fitar da su a ɓoye. Ita da mijinta suka binne su ƙarƙashin daɓen cocin ƙauyen Kinef. Aka tsare Ogilbi da matarsa, aka matsa musu, ba su tona ba. A 1660, da sarki ya komo, aka haƙo kayan.

To, me ya mai da gidan kango? Mai gidan ya shiga tawayen 1715, gwamnati ta ƙwace dukiyarsa. Masu saye suka kwashe rufi da katako. Kun san ginin da ba rufi: ruwan sama ya isa.

Kayan sarautar kuwa suna nan a birnin Edimbura har yau. Dutse da bango sun kasa tsare su. Mutanen da suka riƙe amana ne suka tsare su.