Murmurewa Bayan Tiyatar Ido ta Lesa

Tiyatar ido ta lesa aiki ne da likita ke yi da haske mai ƙarfi domin gyara siffar tantanin gaban ƙwayar ido, ta yadda mutum zai rage dogaro da tabarau. Nau'o'in da suka fi shahara su ne LASIK da PRK. Wanda aka yi wa LASIK yakan fara gani sosai cikin kwana 1 zuwa 2, amma PRK kan ɗauki makonni kafin gani ya daidaita.

A makon farko, likitoci kan hana murza ido, sanya kwalli da barin ruwa ya shiga ido, don haka ake taka-tsantsan wajen wanka da alwala. Wajibi ne a riƙa ɗiga maganin da aka rubuta a kan lokaci, domin bushewar ido kan kai wata 3 zuwa 6.

Ma'aikacin ofis kan koma aiki cikin 'yan kwanaki, yana hutar da ido daga kwamfuta. Amma masu aiki a majemun Challawa da masana'antun Sharada da Bompai, da direbobin tanka na Hotoro, suna buƙatar ƙarin hutu da tabarau na kariya, musamman a lokacin ƙurar hunturu. Tuƙin dare kuwa sai da izinin likita, saboda hasken fitilu kan yi wa ido walwali.

Ciwo mai tsanani, fitar mugunya ko dushewar gani alamu ne na gaggawar komawa asibiti ba tare da jinkiri ba.