Kare Ruwan Wuƙa Lokacin Sanya Ƙota: Nazari a kan Ƙirar Baƙi a Yankin Bakolori

Wuƙa kashi uku ce: ruwa, wato ƙarfen da ke ɗauke da kaifi da tsini; wutsiya, siririn ƙarfen da ke shigewa cikin itace; sai ƙota, wadda hannu ke riƙewa. A tsarin ƙirar baƙi, ruwan ake fara ƙerawa, ƙota ta biyo baya. Saboda haka duk aikin ƙota, daga huda itace har gogar ƙarshe, ana yin sa ne dab da ƙarfen da aka riga aka wahala a kansa, kuma wata ɓarnar da ke samunsa a wannan gaɓa ba ta gyaruwa sai an sake mayar da shi wuta.

Lamarin yana da nauyi a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna da gindinsa a yankin, kuma shinkafa da albasa da tumatir da rake duk suna bukatar wuƙa ko lauje. Kayan aikin nan cikin laima suke wuni. Littafin Philip Jaggar na 1994 a kan maƙeran birnin Kano ya bayyana tsarin sana'ar a ƙasar Hausa, amma wannan ɗan mataki na kare ruwan wuƙa ya cancanci a dube shi shi kaɗai.

Zafi

Babbar barazana ita ce zafi, domin ita kaɗai ce mai saye ba ya iya ganewa a kasuwa. Maƙeran yau sun bar tama, sun koma ga tsohon sifirin mota, wanda sinadarin kabon da ke cikinsa bai wuce kusan kashi 0.6 cikin 100 ba. Irin wannan ƙarfe, idan aka gasa shi ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, sannan aka tsoma shi cikin ruwa ko mai, yakan yi tauri ƙwarai, har ya zama mai saurin karyewa. Sai a sake ɗumama shi kaɗan don ya sami danƙo. Launin da ke bayyana a jikin gogaggen ƙarfe shi ne ma'aunin maƙeri: wajen digiri 200 zuwa 230 yakan yi ruwan kara, ya wuce zuwa ruwan ƙasa, a kusan digiri 300 kuma ya koma shuɗi. Wuƙar yanka a ruwan kara take tsayawa. Idan shuɗin ya kai bakin kaifi, ƙarfen ya saki, kuma wuƙar za ta riƙa dakushewa tun ba a je ko'ina ba.

Daɗaɗɗiyar hanyar sanya ƙota ita ce a gasa wutsiya a cusa ta cikin itace, ta ƙone wa kanta gurbi daidai jikinta. Hanya ce mai kyau wajen kamu. Sai dai itace ba ya fara zama gawayi sai zafi ya kusanci digiri 300, wato daidai zafin da ke kashe taurin wuƙa, kuma a aikace har ja ake gasa wutsiyar. Ƙarfe kuwa ba ya tsare zafi wuri ɗaya. Yayin da hankalin mai aiki ke kan hayaƙin da ke tuɗaɗowa daga bakin ƙota, launi yana rarrafawa daga wuyan wuƙa zuwa ga kaifi, ruwan kara a gaba, shuɗi na biye da shi. Idan itacen marke ne ko ƙirya, masu tauri, sai an koma wuta sau biyu ko uku, kowace komawa kuma tana ƙara tura launin gaba.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne a naɗe ruwan wuƙa da jiƙaƙƙen tsumma tun daga wuya, a riƙa sake jiƙa shi, domin muddin akwai laima a jikinsa zafin wurin ba zai zarce digiri 100 da yawa ba. Kama wuyan da awartaki mai kaurin baki yana taimakawa, tunda awartakin yana shanye wani ɓangare na zafin. Amma hanyar da ta fi duka inganci ita ce a raba wuƙar da wuta gaba ɗaya: a ƙera wani ƙarfe dabam mai siffar wutsiya, shi za a riƙa gasawa ana huda itacen, a sa wuƙar a sanyaye daga ƙarshe. Maƙerin da ke fitar da wuƙaƙe masu girma ɗaya don cin kasuwar Talata Mafara ba shi da uzurin ƙin wannan dabara, don ƙarfen huda guda ɗaya ya ishe shi shekaru.

Magagari da matsi

Bayan ƙota ta zauna sai a daidaita ta da magagari. A mahaɗar itace da ƙarfe ne magagari ke zamewa ya karce wuyan wuƙa. Karce a nan ya wuce batun ado, domin nan ne ƙarfi ke taruwa idan aka lanƙwasa wuƙa, kuma tsagewa takan soma daga irin wannan zane. Naɗin robar tayar keke ko ɗan gutsuren kwali ya wadatar. Haka kuma ba a dukan tsini da masaba don wutsiya ta shige; ƙarshen ƙota ake bugawa a kan gungume, nauyin ƙarfen ya ja kansa ciki.

Tsatsa da fata

Jiƙaƙƙen tsumman da ya ceci wuƙa daga zafi shi ne zai ci ta idan ya kwana a jikinta. Gogaggen ƙarfe mai kabon yana iya yin ɗigon tsatsa cikin sa'o'i kaɗan, musamman da damina. Da an gama da wuta sai a warware tsumman, a share ruwan wuƙa, a shafa masa man kaɗe ko man gyaɗa. Gumin hannu ma, saboda gishirin da ke cikinsa, yana barin shatin yatsa.

Fatar da ake ɗaura wa ƙota tana da nata sharaɗin. Majema suna jima da bagaruwa, kuma sinadarin da ke cikin bagaruwa yana haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙin launi idan akwai laima. Wannan haɗuwar ce dukawa ke amfani da ita da gangan, inda suke baƙanta fata da kuloko, rinin da ake haɗawa da ƙarfe. Baduku kuwa a jiƙe yake ɗaura fata a kan ƙota, don ta matse idan ta bushe. Duk inda ruwan fatar ya gangaro kan wuƙa, tabo ne a ƙarfe, tabo ne a fata. Shafa mai a wuyan wuƙa kafin ɗauri yana hana hakan, kuma ba a zura wuƙa cikin sabon kube sai ya bushe sarai.

A inda aka koma amfani da gam irin su Araldite, wanda ya tsatso a wuya ana share shi tun yana ɗanye, domin kankare busasshensa yana karce ƙarfe. Wutsiyar kanta ba a bari mai ya taɓa ta, in ba haka ba gam ɗin ba zai kama ba.

Wasa kaifi shi ne aikin ƙarshe. Ana barin bakin wuƙa da ɗan kauri duk tsawon aikin ƙota, wanda hakan ke kare hannun ɗan koyo, ya kuma hana kaifin ɓantarewa idan wuƙar ta suɓuce ta bugi uwar maƙera. Sai ƙota ta zauna, fata ta bushe, sannan a kai ta kan dutsen wasa da ruwa. Idan injin gurza za a yi amfani da shi, ana tsoma wuƙar a ruwa a kai a kai, tunda siririn baki yana iya yin shuɗi cikin daƙiƙoƙi kaɗan.